Goma Sha Ɗayan da Ba a Rubuta Ba

Ranar Laraba, 26 ga Afrilu, 1978, ita ce rana ɗaya tak da na taɓa yin fashin makaranta da yardar mahaifina. Tun kafin a kira assalatu ya tashe ni, ya ce in sa rigata ta Sallah, kada kuma in bari ƙannena su ji motsina. Muka yi sallar asuba a masallacin unguwarmu a Fagge, muka nufi tasha. Bai ce mini uffan ba sai da motar ta wuce Kwanar Ɗangora, sannan ya sunkuyo ya raɗa mini inda za mu: Kaduna, kallon Pele. Shekarata goma sha biyu a lokacin.

A ranar ne ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Burazil ta kara da Raccah Rovers ta Kano a filin wasa na Ahmadu Bello. Pele, wanda ya riga ya yi sallama da ƙwallo watanni kaɗan kafin nan, ya sa rigar baƙin ya buga musu. Idan zan faɗi gaskiya, abin da na gani da idona bai taka kara ya karya ba. Jama'a sun yi cincirindo, ni kuma gajere ne, sai dai lokaci lokaci Baba ya ɗaga ni in hango wani mutum marar tsawo, mai kaurin cinya, wanda duk sanda ƙwallo ta zo ƙafarsa sai filin ya ɗauki kuwwa kamar namu ne. Baƙin suka ci biyu, muka ci ɗaya. A hanyar komawa gida Baba bai yi zancen Pele ba ko sau ɗaya. Abin da ya riƙa maimaitawa ga duk wanda ya yarda ya saurare shi a cikin motar shi ne, yaran Kano sun zura wa ƙungiyar Pele ƙwallo a raga.

Bayan shekaru fiye da talatin, ɗana ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini wannan wasa a rubuce. Mutanen Burazil ne suka adana shi, domin a wurinsu abin tarihi ne a ce Pele, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a Santos, ya taɓa sa rigar Fluminense. Ga kwanan wata, ga sakamako, ga hoto. Na daɗe ina kallon abin. Wasan a ƙasarmu aka yi shi, mu ne muka cika filin, amma takardar shaidarsa tana hannun waɗanda suka zo baƙunta, cikin harshen da ba na ji. Wannan rubutu nawa bayani ne na yadda son ƙwallo ya kai ni ga littattafai, da yadda littattafan suka nuna mini wani gurbi da ba su cike ba.

Mahaifina tela ne. A ƙarƙashin kekensa na fara tattara ƙyallaye ina ɗaure su da zare, ina yin ƙwallon tsumma da muke bugawa a lungu har sai an kira magariba, ko kuma wata tsohuwa ta fito da muciya. Bai taɓa hana ni ba, domin shi ma ciwon yana jikinsa. Yana da labari ɗaya da ba ya gajiya da bayarwa: shekarar da Kano ta ciwo kofi a Ikko. Haka yake kiran Legas har ya bar duniya. Yakan ce a lokacin yana yaron shago, kuma da labarin ya iso maigidansa ya rufe shago tun kafin la'asar. Wani lokaci ya ce a tashar jirgin ƙasa aka tarbi 'yan wasan, wani lokaci ya ce shi dai a Sabon Gari ya ga taron. Ina yaro na ɗauki labarin kamar na Gizo da Ƙoƙi, mai daɗin ji, marar kwanan wata.

Namu zamanin ya zo da abin da za mu riƙe. A wannan shekara ta 1978 Raccah Rovers ta lashe gasar lig ta ƙasa, wadda Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka a 1972. Sannan 1980 ta zo. Ranar 22 ga Maris muka cunkushe a zauren wani maƙwabcinmu mai talabijin, muka ga Green Eagles ta doke Aljeriya da ci uku da nema a Surulere, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari kuma ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin Afirka, na farko a tarihin Najeriya. Baba bai shiga zauren ba. Ya zauna a bakin shagonsa da rediyo a kunne yana sauraron Ernest Okonkwo, alhali Turancinsa bai wuce na awon riga ba. Ya ce ba sai ya ji kalmomin ba, daga hawa da saukar muryar mutumin yana sanin inda ƙwallo take.

Na girma na zama malamin makaranta, ina koyar da tarihi, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa abin da nake koyarwa da safe da abin da nake zuwa kallo da yamma suna da dangantaka ba. Ƙwallo a wurina ta majalisa ce, ta gardama ce, ba ta aji ba. Wani littafi da na tsinta a tulin tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari shi ya fara rushe wannan katanga. Sunansa Fever Pitch, na wani Bature Nick Hornby, an fara buga shi a 1992. Marubucin bai taɓa zama ɗan wasa ko mai horarwa ba. Ɗan kallo ne kawai, mai goyon bayan Arsenal, wanda mahaifinsa ya fara kai shi filin wasa a 1968 bayan auren iyayensa ya mutu, domin uba da ɗa su sami abin da za su riƙa yi tare. Ya tsara rayuwarsa kaf a kan wasanni, kowane babi da sunan wasa da ranar da aka buga shi, har zuwa daren 26 ga Mayu, 1989, lokacin da Michael Thomas ya ci Liverpool a minti na ƙarshe, Arsenal ta ɗauki kofin da ta yi shekara 18 tana nema.

Ban damu da Arsenal ba, har gobe. Abin da ya kama ni shi ne mutum ya ɗauki zamansa a kan benci, da ɓacin ransa, da ƙaryar da yake yi don ya kauce wa biki ya tafi kallo, ya ce waɗannan ma sun isa a rubuta. Na gane kaina a ciki har na ji kunya, domin ni ma na taɓa sulalewa daga walimar sunan ɗan ƙanwata, na dawo na tarar an gama addu'a. Kuma na gane cewa tafiyarmu Kaduna ba don Pele kaɗai Baba ya shirya ta ba. Mu Hausawa uba ba ya zama ya yi hira da ɗansa na fari, kunya ba ta bari, ko sunana ba ya kira. Ƙwallo ce ta ba shi hanyar da zai zauna kusa da ni na tsawon yini guda ba tare da ya karya al'ada ba. Duk mai son fara karatu a kan wannan wasa, da wannan littafi nake ce masa ya fara, ko da kuwa zai ga kamar marubucin ya cika kuka da abin da bai kai ya kawo ba.

Daga nan na shiga nema. Wani tsohon ɗalibina da ya tafi karatu Ingila ya zama dillalina, duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini ɗaya. Ya kawo mini na Eduardo Galeano, mutumin Yurugwai, wanda ya fito a 1995 aka fassara shi da suna Football in Sun and Shadow. Gajerun babuka ne, wasu ba su cika shafi ba, kuma ya fi kusa da waƙa a kan tarihi. Kukansa shi ne kuɗi da talla sun shiga wasan sun kore masa annashuwa. Ina karanta shi ne kamar yadda ake shan fura, a hankali, ba don in ƙoshi ba. Ya kawo mini Football Against the Enemy na Simon Kuper, na 1994, wanda saurayi ne ya zaga ƙasashe 22 yana binciken yadda masu mulki ke hawa ƙwallo kamar doki. Wanda ya rayu a Najeriya a zamanin soja ba ya bukatar dogon sharhi a kan haka. Mun ga yadda aka hana Super Eagles zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996 saboda saɓanin gwamnati da gwamnati, muka kuma ga yadda zinaren da aka ciyo a Atlanta a wannan shekarar ya zama abin ado a bakin masu mulki.

Littafin da ya fi kowanne nauyi, a hannu da a kai, shi ne The Ball is Round na David Goldblatt, na 2006, mai shafi fiye da 900. Na yi hutun ƙarshen zango guda a kansa. Shi ya nuna mini cewa ƙwallo tana da isnadi kamar kowane ilimi: taron da aka yi a Landan a watan Oktoban 1863 inda aka kafa hukumar farko aka fara daidaita dokoki, yadda ma'aikatan masana'antu suka ƙwace wasan daga hannun 'ya'yan masu hali, yadda matuƙan jiragen ruwa da ma'aikatan reluwe da 'yan mishan suka yaɗa shi, da kafa FIFA a Paris a 1904. Bayansa na karanta Inverting the Pyramid na Jonathan Wilson, na 2008, tarihin dabarun jera 'yan wasa. A da ana sa mutum biyar a gaba, biyu kacal a baya. Sauya dokar satar gida a 1925 ya sa Herbert Chapman na Arsenal ya janyo mutum ɗaya baya, kuma tun daga nan aka yi ta janyewa har dalar ta kife. Wannan littafi ya rage mini ihu a filin wasa, domin ya koya mini kallon wanda ba ya riƙe da ƙwallo.

A cikin littafin Wilson ne na yi tuntuɓe da shekarar 1953. Ranar 25 ga Nuwamba ta wannan shekara Hangari ta je Wembley ta lallasa Ingila da ci shida da uku. An rubuta wasan nan ciki da bai: inda Hidegkuti ya riƙa tsayawa har ya rikita mai tsaronsa, yadda Puskas ya janye ƙwallo da tafin ƙafa ya bar kyaftin Billy Wright yana sharar ƙasa. Na ajiye littafin na yi shiru, domin na riga na gano cewa tatsuniyar Baba ba tatsuniya ba ce, kuma a wannan shekarar ta faru. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci biyu da ɗaya ta ɗauki Kofin Gwamna, kuma ita ce ta farko daga wajen Legas da ta taɓa ɗaukarsa. Wasan Wembley ya sami babuka. Namu ya sami layi ɗaya a jerin sunayen waɗanda suka ci kofi.

Ba zan yi wa marubuta rashin adalci ba, akwai waɗanda suka juyo da fuskarsu Afirka. Peter Alegi ya fitar da African Soccerscapes a 2010, shekarar da Afirka ta Kudu ta karɓi gasar cin kofin duniya. Ƙaramin littafi ne, amma babu ɓawo a cikinsa. Daga shi na san cewa tun 1862 aka rubuta labarin buga ƙwallo a Afirka ta Kudu, cewa ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar CAF a Khartum a 1957, wato Masar da Sudan da Habasha da Afirka ta Kudu, kuma an hana ta ƙarshen shiga gasar farko saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa fari da baƙi. Na san labarin 'yan wasan Aljeriya irin su Rachid Mekhloufi da suka sulale daga ƙungiyoyinsu na Faransa a 1958 suka kafa ƙungiyar masu neman 'yanci, da yadda Afirka ta ƙaurace wa gasar kofin duniya ta 1966 saboda an hana ta gurbi nata na kanta, abin da ya sa aka ba ta a 1970. Feet of the Chameleon na Ian Hawkey, na 2009, yana bin wannan hanya da ƙafar ɗan jarida, ya fi daɗin karatu, bai kai na Alegi tsari ba.

Wanda ya zo har ƙofar gida shi ne A Story of Heroes and Epics na Wiebe Boer, wanda aka buga a Ibadan a 2018. Marubucin haifaffen Jos ne, ɗan 'yan mishan, kuma littafin ya samo asali ne daga binciken digirinsa na uku a Jami'ar Yale. Ya bi tarihin ƙwallo a Najeriya tun daga wasan farko da aka samu a rubuce, wanda aka yi a Kalaba a watan Yunin 1904 tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila, 'yan makarantar suka ci uku da biyu. Mai karatu ya lura da shekarar. Wata guda ke nan da kafa FIFA, kuma shekara ɗaya da 'yan watanni bayan sojojin Lugga sun fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903. Daga nan aka zo kan Nnamdi Azikiwe da ƙungiyar wasanni da ya kafa a Legas a 1938, wadda ya riƙa yawo da ita gari gari a lokacin yaƙin duniya na biyu, a yi wasa, a tashi da jawabin siyasa. Aka zo kan Kofin Gwamna da aka fara a 1945, da tawagar 1949 da ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, akasarin 'yan wasanta ba takalmi, ta ci wasanta na farko biyar da biyu, Teslim Balogun ya yi suna.

Abin da na fi amfana da shi a wannan tarihi shi ne fahimtar dalilin da ya sa Arewa ta makara. Turawan mulki da aka turo mana 'ya'yan manyan makarantu ne, waɗanda a ƙasarsu ma suke ganin ƙwallon ƙafa wasan leburori ne. Abin da suka so shi ne folo da kurket da wasan fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Folo ta dace da sarakuna masu dawaki, ta zauna daram a Katsina. Fives ta shiga makarantun 'ya'yan sarauta, Sardauna Ahmadu Bello kansa gwaninta ne, kuma har yau ana buga ta a Katsina da Sakkwato da wasu garuruwanmu. Ƙwallon ƙafa ba ta shigo ta fada ba. Ta biyo layin dogo da ya iso Kano a 1911, ta sauka tare da akawuna da ma'aikatan reluwe da na kamfanonin sayen gyaɗa, ta yi masauki a bayan ganuwa, sannan a hankali yaran birni suka leƙo suka ɗauka. Saboda haka duk wanda zai rubuta tarihin ƙwallo a Kano dole ya rubuta tarihin zaman Sabon Gari da Fagge da cikin birni, da daɗinsa da ɗacinsa.

A nan ne shekarar 1953 take ƙara nauyi. A watan Mayunta ne rikicin siyasa ya ɓarke a Kano bayan taƙaddamar da ta biyo ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, aka kwana huɗu ana faɗa tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a bakin Sabon Gari, fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Wannan na koyar da shi a aji shekara da shekaru, yana cikin manhaja, yana fitowa a jarrabawa. A cikin wannan shekara guda kuma wasu mutum goma sha ɗaya suka sa riga iri ɗaya da sunan Kano suka je Legas suka ciwo kofi, garin ya yi murna. Ban taɓa koyar da wannan ba ko sau ɗaya. Ina ganin ɗalibaina sun fita da rabin garinsu ne kawai.

Raccah Rovers ta shuɗe, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa na wancan zamani suka shuɗe. A 1990 aka kafa Kano Pillars, na mayar da zuciyata can, na zama ɗan gidan filin wasa na Ƙofar Mata. Shekarun farko na haƙuri ne. Ana cikin haka sai wani abu ya faru wanda ban ga zuwansa ba. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, a watan Oktoba ya ci Chelsea uku shi kaɗai cikin minti goma sha biyar na ƙarshe, tauraron ɗan'adam ya yi araha, gidajen kallo suka tsiro a kowane lungu, da benci da janareta da allon da ake rubuta wasannin rana da alli. Kafin mu farga yaranmu sun rabu gida gida, wannan na Arsenal, wannan na Manchester United, wancan na Real Madrid. Ɗana na Chelsea ne tun zuwan Mikel Obi can a 2006. Yana iya jero mini 'yan wasansu na shekara goma baya, har da masu zaman benci, amma ranar da na tambaye shi wace ƙungiya ce ta ci lig a Najeriya a shekarar da aka haife shi, dariya ya yi.

Na daɗe ina jin haushinsa kafin na gane ba laifinsa ba ne. Yaro yana bin inda labari yake. Ƙungiyoyin Turai suna zuwa da tarihinsu a naɗe, da hotuna da ƙididdiga da littattafai, har da sharhi cikin Hausa a rediyo. Mu kuwa mun ba shi tsoho a bakin shago yana cewa a da an yi 'yan wasa. Kuma ba wai mun rasa abin faɗa ba ne. Kaduna kaɗai ta haifi Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Pillars ta ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan kunnen doki ɗaya da ɗaya a Najeriya da biyu da biyu a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 a rigar Pillars kafin duniya ta san shi. Kyaftin ɗinmu na shekaru, Rabi'u Ali, laƙabinsa ma Pele ne, kuma duk sanda filin ya ɗauki wannan suna sai in tuna kafaɗar Baba.

Kofin ƙalubale ne dai ya ƙi dawowa. A watan Oktoban 2018, a Asaba, Pillars ta kai wasan ƙarshe ta zura wa Rangers ta Inugu uku ba ko ɗaya. Na riga na aika a sayo lemo a raba wa majalisa. Rangers ta farke duka ukun, ta cinye mu a bugun fenareti. Ban ci abincin dare ba, kuma lemon nan yara ne suka shanye shi washegari. Shekara ta zagayo, ranar 28 ga Yuli, 2019, muka sake kai wa wasan ƙarshe, da Niger Tornadoes, kuma a ina? A filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Na ce wa ɗana ya shirya. Ya ce, "Baba, wasan gida ne fa." Na ce na sani, ya ɗauko makullin mota. Aka tashi babu ci, aka je fenareti, muka ci huɗu da uku. Shekara 66 ke nan rabon Kano da wannan kofi. Da na waiga na ga ɗan Chelsea a tsaye a kan kujera yana ihun "Sai masu gida" har muryarsa ta dushe. Mahaifina ya rasu shekaru tara kafin wannan rana.

A hanyar dawowa, wajen Zariya, ɗana ya tambaye ni su wane ne suka ciwo na 1953. Na buɗe baki na rufe. Mako na zagayowa na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na rubuta lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya a shafin farko, na fara bin tsofaffi. Na sami uku da suka ce sun san zamanin, ɗaya a Fagge, ɗaya a Sabon Gari, ɗaya a Gwammaja. Kowannensu ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni sunaye da laƙabobi, ya kwatanta mini yadda wane yake buga ƙwallo da ka da yadda wane yake tsaron gida ba safar hannu. Da na jera abin da suka faɗa sai na ga jerin uku ba su haɗu ba sai a wurare kaɗan, kuma ɗayansu ya cakuɗa mini 'yan 1953 da 'yan Raccah, tsakaninsu shekara ashirin da biyar. Ban rubuta suna a gaban lamba ba sai wanda baki biyu suka haɗu a kansa, shi ma da fensir.

Na Sabon Garin ya ce in dawo bayan Sallah, akwai wani hoto a cikin akwatin yayansa da zai sa a nemo mini. Da na koma na tarar da rumfa a ƙofar gidan, ana zaman makoki. Na yi ta'aziyya, na zauna cikin jama'a da littafina a aljihu, ban ga fuskar da zan yi zancen hoto ba. Sai da aka yi sadakar arba'in na sake komawa. Jikarsa ta fito ta gaishe ni, ta ce, "Malam, akwatin yana nan, amma makullin yana hannun kawunmu, shi kuma yana Fatakwal, sai Kirsimeti yake zuwa." Na rubuta lambar wayata a wata takarda na ba ta, ta ninke ta sau biyu ta sa a bayan murfin wayarta.